Jiniyar Masaƙa da Ƙaramin Yatsana

Yau da hantsi na yi abin da na sha rantsuwa ba zan yi ba. 'Yata watanta biyar. An haife ta da ƙafafu a murɗe, tafin kowacce yana kallon 'yar'uwarta, aka yi ta sa mata siminti a asibiti mako bayan mako har suka miƙe. Yanzu an ba ta wasu 'yan takalma biyu da sandar ƙarfe ta haɗa su. An ce ta wuni a ciki ta kwana a ciki, awa ɗaya tak ake cirewa a yi mata wanka a shafa mata mai. In aka yi sakaci ƙafar za ta koma yadda ta zo duniya, a sake komawa siminti, wataƙila har a kai ga wuƙa. To ni sai na sa alam a waya, in awar ta cika ta yi ƙara in mayar. Kwana uku ke nan babu wuta a layinmu na Kudenda, wayar ta mutu ban lura ba. Na yi mata wanka, ta yi ta wutsil-wutsil da ƙafa don daɗi har barci ya ɗauke ta, wata Hajiya ta shigo kitso, na duƙufa a kanta kunnena yana jiran ƙarar da ba za ta zo ba. Kiran sallar azahar ne ya ɗago ni. Na dubi takalman a kan tabarma, na dubi ƙafar yarinyar, sai na ji wata ƙara a cikin kaina wadda na yi shekaru ban ji ba. Jiniyar masaƙa.

Yaran yanzu ba su san jiniya ba sai ta motar asibiti, ko ta manya in za su wuce a ture mutane gefe. Mu da muka tashi a Makera lokacin da masaƙa ke aiki, jiniya ce ta raine mu. Takan faro daga can ƙasa kamar saniya na nishi, ta yi ta hawa, ta yi ta hawa har ka ji ta a haƙoranka, sannan ta sauko a hankali ta bar kunne yana 'yar tsuwa. Gidan hayarmu ɗaki goma sha biyu ne, amma ban tuna ɗakin da aka rataye agogo ba, don me za a yi da shi? Ta safe in ta yi, sai titi ya cika da kekuna, sarƙa na ƙara, ƙararrawa na ƙara, mai koko tana zuba wa wannan tana zagin wancan. Ta rana ita ce ta canjin shifta, masu shiga na sauri, masu fita na jan ƙafa, auduga ta yi musu fari-fari a gira da gemu kamar sun tsufa a wuni ɗaya. Kafin ta yi, dole kowace mace ta sauke tukunya. Ta yamma kuwa tamu ce yara, duk inda wasa ya kai ka sai ka kwaso a guje, don in ta sauka ba ka cikin gida, kai da bulala ne. Hatta faɗa da ita ake yi. Sai ka ji mace a tsakar gida tana cewa, "Wadda ta ɗauki bokitina, na ba ta zuwa jiniya." Ruwan kwatar bayan layinmu yau ja ne, gobe shuɗi, jibi ruwan ɗorawa, mu tsaya a kan gadar katako muna gardamar kalar atamfar da ake bugawa a ciki. Yanzu kowa lokacinsa na cikin aljihunsa, maƙwabcinka bai san naka ba, ba ka san nasa ba, in caji ya ƙare kuwa kai da lokaci kun rabu.

Babanmu a sashen saƙa yake, ƙarar injuna ta cinye masa rabin ji, shi ya sa ko gaisuwa zai yi sai ka ce kira yake daga tsallaken titi. Ni ce 'yar fari a wurin Inna, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta zaunar da ni a cinya, ba ta ma son a ga tana kallona. "Ke" ce ni, ko "waccan". Ba ƙiyayya ba ce, haka ta ga ana yi. Wadda ta riƙe ni ita ce Gwaggo, yayar Baba, da ta dawo wurinmu bayan mijinta ya rasu. Kitso take yi a bakin ƙofar ɗaki, kuma matan layi uku sun san in ta matse kanki tsakanin gwiwoyinta ba kya motsi sai ta gama.

Ina wajen shekara bakwai abin ya faru. Inna na guge kakin aikin Baba da dutsen guga na gawayi, ta jingine shi a tsaye ta juya ɗaukar wando, ƙanwata mai rarrafe ta ja tabarmar. Na ga dutsen ya karkato zai faɗo mata a baya, sai na tare da tafin hannuna na dama. Zafin ban tuna shi ba, warin na tuna. Aka yi abin da kowa ke yi a lokacin, aka fasa ɗanyen ƙwai, aka samo gashin zomo aka liƙa, aka naɗe da tsumma. Da yake buɗe hannun ya fi ciwo sai na dunƙule shi, su kuma suka naɗe shi a dunƙule. Bayan mako uku ciwo ya bushe, kowa ya ce alhamdu lillahi, aka kwance tsumma. Hannu ya ƙi buɗewa. Wata sabuwar fata mai sheƙi tana jan yatsu huɗu ciki kamar roba. Yara suka sa mini 'yar dambe. "'Yar dambe, wa za ki kayar yau?" Da hagu nake cin tuwo, ina juya wa mutane baya. Na miƙa wa mai shago saƙo da hagu, ya ce wace marar tarbiyya ce ta haife ni. In 'yan mata sun yi da'ira suna tafi, ni ce mai gadin takalma.

Maman Nas ce ta gano. 'Yar Filato ce, ɗakinta na kallon namu, tana aiki a ƙaramin asibitin masaƙa. Ta dawo daga hutu a garinsu ta same ni a bakin famfo ina kokawa da bokiti da hannu ɗaya. Ta kama hannun ta juya shi.

"Wayyo Yesu! Wa ya ɗaure wannan hannu haka?"

"Ai ya warke," in ji Inna daga bakin murhu, ba ta ɗago ba.

"Ya warke? Maman yara, wannan ba warkewa ba ne, kullewa ne. Da me za ta yi wanki, da me za ta ɗauki ɗa? Gwaggo, ke ma kina gidan nan aka yi wannan?"

Gwaggo ta saki kitson da ke hannunta. Ban taɓa ganin ta bar kai a rabi ba sai ranar. "Ina nan," ta ce. "Ni na riƙe tsumman. Faɗa mini abin yi, ki bar tone-tone."

Washegari Baba da Gwaggo suka kai ni wurin likitan masaƙa, wani dattijo mai tabarau. Ya ce da Baba, da ƙarfi don ya ji, fata in ta ƙone tana warkewa ne tana tsukewa, kamar sabon yadi in ya sha ruwa, kuma za ta yi shekara tana wannan tsukewar. A jiƙa hannun a ruwan ɗumi, a shafa mai, a miƙe yatsun da ƙarfi sau uku a rana, kowace rana, in za a kwanta a ɗaure shi a kan ɗan katako. In damina ta zagayo bai buɗe ba, sai a tsallaka gadar kogi zuwa babban asibitin cikin gari a yanka, shi kuma ba ya ɗaukar wa kowa alkawarin yadda za a fito. A hanyar dawowa Baba ya ce, "Sau uku, Yaya. Wa zai riƙa tunawa?" Gwaggo ta ce, "Kai wa ke tuna maka zuwa aiki?" Shi ke nan aka ɗaura hannuna a jikin jiniya.

Juma'ar farko, bayan maza sun tafi masallaci, ta kai ni bayan ƙofar ɗaki da guntun gawayi. Ta ɗaga hannuna na hagu mai lafiya can sama, iya tsawona, ta juya bayansa ga bango don ya zo daidai da na dama, ta zagaye shi, yatsu biyar a baje. Sannan ta sauko can ƙasa ta manna na daman ta zagaye. Abin da ya fito kamar curin fura. Ta nuna na sama ta ce, "Can za mu. Ba wannan watan ba, ba na gaba ba. Ni yau kawai nake nema a wurinki." Ta yanka mini tafiyar gunduwa-gunduwa. Da fari hannun ya riƙe ƙwai, sannan lemo, sannan gindin ƙoƙo, sannan ya yi tafi har a ji daga zaure. Na ce in na yi tafi kuma sai me? "Sai ki kama kai ki yi kitso, ki ci da kanki, kada ki zauna jiran kowa."

Jiniya na farowa, ruwan ɗumi na cikin kwano, man kaɗanya na gefe. Ta matse damtsena tsakanin gwiwoyinta kamar kan mai kitso, ta kama yatsa ɗaya ta miƙe shi har fatar ta yi fari, ta riƙe sai ta yi salatin Annabi ƙafa bakwai, ba gaggawa, sannan ta koma na gaba. Ina ihu, ina cizon zanenta, ina kiran ta muguwa, ina cewa Allah ya isa. "Ya isa ɗin," take cewa. "Yi kukanki, kuka ba da hannu ake yin sa ba. Miƙo na gaba." In na ce yau ina zazzaɓi, ko yau salla ce, amsar ɗaya ce: "Fatar ta ce miki ta tafi hutu?" Inna kuwa da an fara sai ta ɗauki taɓarya ta hau daka. Na daɗe ina mamakin wane irin hatsi ne ba ya dakuwa, sai wata rana na leƙa na ga turmin wayam.

Cikina ya koyi lokaci. Kafin jiniya ta yi sai ya sanar da ni, in nemi bayan duro ko banɗaki in laɓe, a zaƙulo ni. Baba ya ce abokan aikinsa sun ce jiniya biyu ce a Makera, ɗaya ta kamfani ɗaya ta gidansa, kuma ta gidansa ta fi kiyaye lokaci. Kowa ya yi dariya ban da ni. Amma Juma'a bayan Juma'a zanen na hawa bango, curin fura ya koma ƙafar kaza, ƙafar kaza ta fara kama da hannun mutum. Wani makon sai ka rantse ba abin da ya ƙaru, sai Gwaggo ta sa tsinken tsintsiya ta auna ta nuna mini, kaurin tsinke ɗaya. "Kin raina? Jeki tambayi babanki zare nawa ne a turmin atamfa, kuma ɗaya-ɗaya inji ke jefa su." Na riƙe ƙwai. Na riƙe lemo, ta bar mini na sha. Ranar da na riƙe ƙoƙo ban zubar ba, Maman Nas har guɗa ta yi irin ta garinsu.

Muna tsakanin ƙoƙo da tafi 'yar Gwaggo ta haihu a Kakau, haihuwar fari, ba mai yi mata wankan jego. Dole ta tafi. Ta tsaya da ƙunshinta a ka tana yi wa Inna bayani. "Kowace jiniya. Kada ki ji tausayinta, tausayin nan ne ya kai mu inda muke." Inna ta ce, "To, Yaya," idonta a ƙasa. Kwana uku ta yi yadda aka ce. Shi ne karo na farko da na san taushin hannun mahaifiyata, ba ta matsawa kamar Gwaggo, tana kallon bango ba ta kallona.

Rana ta huɗu jiniya ba ta yi ba.

Sauran masaƙun da ma sun riga sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya, tamu ce ta rage, amma ba wanda ya kawo a ransa ita ma tana iya mutuwa. Gari ya waye wani iri, ana jin kukan jarirai daga layi na uku, abin da da ba a ji. Maza suka fito a makare suna tambayar juna, suka hau kekuna suka tafi. Kafin rana ta yi zafi sai ga su suna dawowa, ba a kan kekunan ba, turo su suke yi. An sa kwaɗo a get, an liƙa takarda. Baba ya shigo ya zauna a bakin gado da kakinsa, ko takalmi bai cire ba. Aka ce gyaran inji ne, mako mai zuwa za a buɗe. Kowa ya kama wannan maganar ya riƙe, komai na unguwa ya koma "bari jiniya ta dawo". Tuwon rana ya koma la'asar, yara na yawo har magariba ba mai nema.

Ranar, da rana ta take, Inna ta ɗora ruwa ta ce, "Ke, zo." Na ce, "Ai jiniya ba ta yi ba." Wallahi ina sane na faɗa. Ta dubi Baba, Baba na kallon ƙasa, ɗakin ya yi kamar an ambaci mamaci. Ta sauke ruwan ta ce, "To, anjima." Anjima ta zama gobe. Wata rana a yi sau ɗaya, sama-sama, wata rana a manta. Katakon ya faɗa bayan gado ba wanda ya ɗauko. Maman Nas ita ma aikinta ya tafi da get ɗin, tana fita tun safe neman wani, ba ta ganina. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, daɗi na ji. Unguwa na makoki, ni ina shagali. Sai a mako na biyu na fara jin fatar na ja da safe, ƙoƙo ya suɓuce mini a bakin randa, na waiga ko an gani. Na koma ɓoye hannun cikin hijabi. Juma'a uku suka wuce ba a taɓa gawayi ba, duk sanda zan wuce bayan ƙofar nan sai in kau da kai.

Gwaggo ta dawo wata la'asar da ɗan buhun masara. Ta ji labarin masaƙa tun a mota. Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwan da aka kawo mata ba. Ta yi wa Baba jaje a tsaye, sannan ta ce, "Ina 'yar damben? Miƙo."

Na miƙa hagu.

"Ni za ki yi wa wayo?"

Ta ja ni bayan ƙofa, ta ɗora hannun a kan zanen ƙarshe. Bai cika shi ba. Ta sauko na ƙasa da shi, bai cika ba. Ta sake saukowa. Ina jin numfashinta a ƙeyata, tana sauka, tana sauka, har muka kai inda na fara riƙe lemo, wata uku baya. Ƙaramin yatsa ko can bai kai ba, ya lanƙwashe ya ƙi.

"Yaya," in ji Inna, "jiniyar ce ba ta..."

"Fatar ma an sa mata kwaɗo a get ne?"

Na jira mari. Baba ya ce da muryar nan tasa mai ƙarfi, wadda ranar ta fashe, "Yaya, laifina ne, ina zaune a ɗakin nan." Gwaggo ta sulale ta zauna a ƙasa, ta jingina da bangon zanen. Sannan ta ce, "Ba naka ba ne, ba nata ba ne. Ni ce na ɗauki hannun yarinya na rataya a jikin abin wasu. Ga shi sun kashe abinsu. Damina kuma saura wata biyu."

Da Maman Nas ta dawo aka kira ta. Ta lallatsa yatsun ɗaya-ɗaya, ina cije leɓe. "Waɗannan biyun za su dawo in an dage. Na kusa da ƙaramin, ban sani ba. Ƙaramin kam..." Ta girgiza kai. "Kuma asibitinmu an rufe, likita ya tafi. In ta kai ga yanka, sai ku nemi hanya da kanku."

Washegari da safe aka zuba koko, na kai hannu, Gwaggo ta janye kwanon. "Daga yau ga jiniyarki," ta ce, ta dungure mini ciki. "Wannan ba a sa masa kwaɗo. Ba kya ci, ba na ci, sai an miƙe hannu." Haka aka yi. Abinci na gabanmu a rufe yana hucewa, a lokacin da abincin ma ba kullum yake isa ba, ni da ita muna kokawa da yatsu. Ciwon ya fi na farko don fatar ta yi ƙwari, sau biyu tana tsagewa. A rana ta uku Inna ta ajiye taɓarya ta zo ta tsaya a kanmu. "Yaya, bar mini na rana." Gwaggo ta dube ta, ta matsa mata. Wannan karon ba ta kalli bango ba. Ta danna fiye da Gwaggo, ina ihu ina kiran ta, hawayenta na ɗiga a damtsena, bakinta na salati, ko ƙafa ɗaya ba ta rage mini ba.

Kowace Juma'a idonmu na kan yatsan nan na kusa da ƙarami. Kaurin tsinke, rabin tsinke, wani makon babu. Hadari na haɗuwa a gabas yana watsewa, ni kuma duk tsawar da aka yi sai in tuna wuƙa. Ruwan farko ya sauka bai gama miƙewa ba. Baba ya fara zancen tsallaka gada, Gwaggo ta ce a ba ta Juma'a huɗu, Maman Nas ta duba ta ce a ba ta, tunda yana motsi. A ta ukun na yi tafi, Baba da kunnen nan nasa ya ji daga zaure ya leƙo. Ba a daina ba, sai da aka cika shekarar cif har da ɗoriya. Ranar da hannun ya kai zanen sama, yatsu huɗu suka kwanta a gurbinsu, ƙaramin ya tsaya a lanƙwashe kamar ƙugiya. Gwaggo ta zagaye shi yadda yake. "Wannan na Juma'a ukun nan da na yi a Kakau ne," ta ce. "Kada ki ɓoye shi. Ki riƙa kallonsa." Kan da na fara kitsawa na Inna ne. Ita ta zo ta zauna a gabana, ta kwance ɗankwali, ta ce wa bango, "A gwada a nan." Layukan sun karkace kamar hanyar tururuwa, ta yi mako biyu da shi ba ta tsefe ba.

Masaƙa ba ta sake buɗewa ba. Na wuce ta wurin bara, ciyawar cikin get ta fi ni tsawo. Baba ya koma gadi, Maman Nas ta tashi zuwa Narayi, Gwaggo ta rasu shekarar da na yi aure. An yi wa ɗakin fenti, zanen sun tafi, ruwan kwata ya koma baƙi kamar na ko'ina. Abin da ya rage shi ne hannun nan, da shi nake ci, in salla ta matso har layi mata ke yi a ƙofata. Kuma duk da haka, ni da ke yawo da ƙugiyar nan, na ɗauki ƙafar 'yata na rataya a jikin wutar da ba ni ke kawo ta ba.

Da azahar ɗin nan na saki kan Hajiya a rabi na tashi.

"Lafiya? Ina za ki, ga gefe ɗaya a tsefe?"

"Takalmi, Hajiya. Awa uku ke nan."

"Haba 'yar nan, dubi yadda take barci. Ki bar baiwar Allah ta huta yau ɗaya mana. Ƙarfe a ƙafar jariri, ni ko kallo ba na iyawa."

"To ki juya bango, Hajiya."

Na ɗauke ta, ta farka. A bayan kowane takalmi akwai ɗan huji da ake leƙawa a ga ko diddige ya zauna har ƙasa, in bai zauna ba an ce ɗaurin banza ne. Na dama ya shige. Na hagu, wanda da ma ya fi murɗewa, ya turje. Tana ihu, tana harbi, nono na zuba mini a riga, Hajiya na wayyo wayyo a bayana. Na leƙa hujin, ban ga diddige ba. Na cire, na lanƙwasa gwiwar yadda aka koya mini, na riƙe tafin ƙafar, sai na ji bakina na salati ban sa shi ba. Ƙafa bakwai, ba gaggawa. Na sake sawa, na danna, na saƙala ƙaramin yatsana a maɗaurin tsakiya na ja, don duk yatsuna ba wanda ya kai shi iya jan maɗauri. Na leƙa. Ga diddige nan, ya yi ja, ya cika hujin.

Ran Talata za mu koma asibiti, zan faɗa musu awa ukun nan da bakina, su duba. Wayar in an kawo wuta ta tashi, amma ta gama da takalmi. Daga gobe ba na zubar da ruwan wankanta, ba na kama kan kowa, ba na sa loma a bakina, sai na leƙa huji biyu na ga diddige biyu. Hajiya ta tafi da kitsonta cikakke bayan la'asar, tana mita wai zuciyata dutse ce. Da ta fita na ɗauko guntun gawayi a murhu, na shiga bayan ƙofa, na zana 'yan ƙafafu biyu can sama, a miƙe, suna kallon gaba. Can ƙasa na ja layi ɗaya, na yau. Na san mai gidan zai yi faɗa, fentinsa sabo ne. Na ɗago ta, da ƙarfen da komai, na nuna mata. "Can za mu," na ce. Ita dai kuka take, na ce ta yi abinta, kuka ba da ƙafa ake yin sa ba.